Ƙwaron da Ke Nutsewa: Fatsar Gashin Tsuntsu a Kogunan Ingila

Gaisuwa ta musamman ga sarakunan ruwa da sauran masunta, na Argungu da na Yawuri, na Nguru da na bakin Tafkin Chadi, da duk wanda asuba ke riska a bakin ruwa. Yau shirin zai kai mu nesa, can kudancin Ingila, mu ga wata irin fatsa da ba mu saba da ita ba. Ƙugiya ce dai irin wadda kuka sani, amma ba a soka mata tana, ba a sa mata hanjin kaza. Gashin tsuntsu ake naɗa mata da zare, har ta koma kamar ƙwaro, kifi ya gani ya kai baki. Cikin waɗannan ƙwarin na gashi akwai wanda ake so ya zauna a saman ruwa, akwai kuma wanda ake so ya nutse. A kan mai nutsewar za mu yi magana.

Kafin mu shiga jirgi, mu fara da abin da ke kusa. In akwai rafi mai gudu a garinku, mai duwatsu a ƙasansa, ka shiga har ruwa ya kai maka ƙwauri, ka ɗago dutse ɗaya kamar girman tafin hannu, ka juya shi. Da farko laka da gansakuka kawai za ka gani. Ka ɗan saurara. Can sai ka ga wani abu launin ƙasa, shimfiɗaɗɗe, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya zura da gudu yana neman inuwa. Ƙafafunsa shida, jelarsa siririya ta rabu biyu ko uku, a gefen cikinsa kuma wasu 'yan filaye suna ta kaɗawa, da su yake shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Kusa da shi wataƙila ka ga wani ɗan bututu na tsakuwar yashi manne da dutsen. Wannan gida ne, wata tsutsa ce ta gina shi da zaren da take fitarwa daga bakinta, tana ciki. Waɗannan halittu 'ya'yan ƙwari ne masu tashi, kamar yadda 'ya'yan sauro ke wutsil-wutsil a randa kafin su yi fiffike. Turawa na kiran irin na farkon nimf.

Akwai wani ƙwaro a Ingila da ke fitowa wajen ƙarshen watan Mayu. Ɗansa yakan yi kusan shekara 2 binne cikin lakar kogi yana ci yana girma. Ranar fitowarsa sai ya yi iyo zuwa sama, fatar bayansa ta tsage, ya zaro fiffike ya tashi. Daga nan kwana ɗaya ko biyu suka rage masa a duniya, ko bakin cin abinci ba shi da shi, aikinsa kawai ya bar ƙwai ya mutu. Idan suna fitowa da yawa, kogin kan zama kamar gindin fitila daren da shinge ya fito bayan ruwan farko. To, ku auna da kanku. Shekara biyu a ƙasa, kwana biyu a sama. Kifin da ke rayuwa a kan wannan ƙwaro, a ina zai fi samun cimarsa?

Amsar a fili take, amma sai da aka kwashe shekaru ana jayayya kafin a yarda da ita.

Kifin da ake nema sunansa tirawut. Kifin ruwan sanyi ne mai ɗigo-ɗigon ja da baƙi, ba zai rayu a Gulbin Kabi ko kogin Haɗeja ba, domin zafin ruwanmu ya fi ƙarfinsa. Yana da ido, yana da tsoro, inuwar mutum kaɗai ta ishe shi ya ɓace. A kudancin Ingila akwai wasu koguna, irin su Test da Itchen da Avon, waɗanda ruwansu ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutsen alli. Allin ya tace ruwan tas, kana tsaye a bakin gaɓa kana ƙirga tsakuwar ƙasa. Mafi yawan irin waɗannan koguna na duniya a Ingila suke. A nan mai fatsa na ganin kifi, kifi ma na ganinsa. Abin nan ne da ake cewa kifi na ganinka mai jar koma.

Ita dabarar naɗa gashi a ƙugiya tsohuwa ce. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian, wajen shekara 200 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya suna kama kifi. Tun da ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ake yi mai nauyi. Mai fatsa na kaɗa ta gaba da baya kamar mai kaɗa bulala, ta miƙe, ta sauke ƙwaron a hankali a inda ake so.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani attajiri, Frederic Halford, ya zama jagoran masu fatsa a kogin Test. Ya fitar da littafi a 1886, ya ƙara wani a 1889, ya shimfiɗa ƙa'ida: ka jira sai ka ga kifi ya taso yana ɗaukar ƙwaro a saman ruwa, ka gane wane ƙwaro ne, ka jefa masa irinsa busasshe yana yawo a sama. Ba za a raina aikinsa ba, mutum ne mai bin diddigi. Sai dai almajiransa sun mayar da ƙa'idar tamkar doka, har ya zama duk wanda ya bar ƙwaronsa ya nutse ana masa kallon marar tarbiyya. In kifi bai taso ba, sai mutum ya zauna a kan benci ya yi ta jira, alhali ga kifin can yana ta kiwo a ƙasa.

Wanda ya fara ta da wannan magana wani lauya ne daga Landan, G. E. M. Skues, wanda aka haifa a 1858. Yana fatsa a kogin Itchen kusa da birnin Winchester. Ya lura cewa sau da yawa ruwa kan kumbura a kan kifi, a zaci ya ɗauki abu a sama, alhali bakinsa bai taɓa fito ba. Ashe 'ya'yan ƙwarin yake tarewa a kan hanyarsu ta tasowa. Don ya tabbatar, sai ya samo wani siririn dogon cokali da Turawa ke zaƙulo ɓargo da shi daga ƙashi. In ya kama kifi ya kashe, sai ya zura cokalin ta baki har ciki, ya juya, ya zaro, ya zuba abin da ya fito a farin faranti mai ɗan ruwa. Abin da ke watsuwa a farantin galibi nimf ne, masu fiffike kaɗan ne. Gani ya kori ji. Ya zauna ya riƙa naɗa ƙwari yana kwaikwayon abin da ke cikin farantin, ya rubuta abin da ya gano a littattafansa.

Ba a gode masa ba. A 1938, shekara 24 bayan rasuwar Halford, ƙungiyar masu wannan fatsa ta Landan ta shirya muhawara a kan ko ya dace a yi amfani da ƙwaro mai nutsewa a kogunan alli, kuma mafi yawan manyan da suka yi magana ba su goyi bayansa ba. A shekarar ce, yana ɗan shekara 80, ya bar yankin kogin da ya yi sama da shekara 50 yana fatsa a cikinsa. Wannan wuri na labarin yana taɓa ni ƙwarai. Dattijo ne da bai zo da komai ba sai abin da idonsa ya gani, ya kuma ajiye shi a faranti kowa ya duba. Bai yi shiru ba, a shekarar da ta biyo ya fitar da littafi sukutum a kan fatsar nimf.

Ƙwarin Skues ba sa nisa, ɗan ƙasa da fatar ruwa suke tsayawa. Wanda ya kai su can ƙasa inda kifi ke kwance shi ne Frank Sawyer, kuma a kansa nake so mu ɗan daɗe.

Sawyer ba lauya ba ne, ba attajiri ba. An haife shi a 1906 a gundumar Wiltshire, ya tashi a bakin kogin Avon. Daga 1928 aka ɗauke shi aikin kula da wani yanki na kogin, kimanin mil shida a wajen ƙauyen Netheravon, wanda hafsoshin soja ke fatsa a cikinsa. Shi ke yanke ciyawar ruwa, shi ke gyara gaɓa, shi ke share tsakuwar da kifi ke saka ƙwai. A wajenmu da sai a ce ɗan Sarkin Ruwa ne, wanda ya san kowace kwana da kowane gurbi. Yakan kwanta rubda ciki a bakin ruwa yana kallon 'ya'yan ƙwari, kuma a nan ya ga wani abu da masu naɗa ƙwari a kan tebur ba su gani ba: ɗan ƙwaron nan idan zai yi iyo, sai ya maƙale ƙafafunsa a jikinsa, ya zama kamar ɗan tsinke mai kauri ta gaba. Saboda haka kifi ba ƙafafu yake gani ba, siffa yake gani da motsi. To me za a yi da ƙafafu a jikin na ƙarya, tun da ba abin da suke yi sai hana shi nutsewa?

Sai ya cire su. Ya cire har zaren da kowa ke naɗi da shi. Abu biyu kawai ya bari a jikin ƙugiya. Na farko siririyar wayar jan ƙarfe, wadda kaurinta bai fi gashin kai da yawa ba, irin wadda ake warwarowa daga koyil na tsofaffin kayan lantarki. Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran fanka ya san ta. Na biyu gashin jelar wani tsuntsu da ake kira fezan, ɗan uwan fakara ne, jelar namijinsa doguwa ce ja-ja.

Ga yadda ake yi, ku biyo ni a hankali. Ka kafa 'yar ƙaramar ƙugiya a madamƙi. Ka naɗa wayar tun daga wuya har gindi, ka dawo, ka tara ta kusa da kai har ta yi ɗan tozo. Wannan tozon shi ne ƙirjin ƙwaro, shi ne kuma nauyinsa. Ka cire silin gashi huɗu daga jelar, ka ɗaure su a gindi da wayar, ka bar tsininsu ya ɗan leƙo baya, jela ta samu ke nan. Sauran tsawon gashin ka murɗe shi tare da wayar kamar mai tufka, ka naɗa shi gaba har kai. Sai ka lanƙwasa gashin baya ta kan tozon, ka sake dawo da shi gaba, ya zama kamar jakar da fiffike ke kwance a ciki. Ka ƙulle da waya, ka yanke. Shi ke nan. In ka ɗora shi a tafin hannu ba za ka ce zai kama komai ba. Amma da ya jiƙe, jan wayar kan riƙa leƙowa ta tsakanin gashin, kuma da ya taɓa ruwa yake huda shi ya wuce ƙasa ba tare da fantsama ba. Sawyer ya bayyana shi a littafinsa na 1958, ya kuma yi bayani a gidan rediyon BBC, kamar dai yadda nake yi muku yanzu. Har yau da wuya ka buɗe akwatin mai wannan fatsa, daga Amurka har New Zealand, ba ka ga wannan ƙwaro ko jikokinsa ba. Shi kuwa mai shi, a bakin kogin nasa ajali ya same shi a 1980.

Yanzu bari mu duba abin da ya sa nutsewar ke da wuya, domin wani zai ce ai sai a ɗaura dutse. Masunta sun san ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi ba. Na sama ya fi sauri, na ƙasa duwatsu da yashi suna riƙe shi. Kifi kuwa ba ya son wahala, sai ya laɓe a ƙasa bayan dutse inda ruwa ya lafa, yana jiran abin da igiyar ruwa za ta kawo masa. Ɗan ƙwaro na gaske da ruwa ya ɓamɓaro yana tafiya ne daidai da gudun ruwan da yake ciki. Na ƙarya kuwa yana ɗaure da zare, zaren kuma ya ratsa ta ruwan sama mai sauri, sai ya riƙa fizgar ƙwaron yana ɗaga shi. Da kifi ya ga abu na gudu fiye da 'yan uwansa, sai ya kauce.

Maganin wannan ba nauyi kaɗai ba ne. Siririn zare ya fi yanka ruwa, don haka ƙwaro ya fi saurin sauka da shi. Jiki sumul ya fi jiki mai buzu-buzu nutsewa, ko da nauyinsu ɗaya. Sannan ba a jefa ƙwaron a kan kifi, ana jefa shi can gaba ta inda ruwa ke fitowa, a ba shi tazarar da zai sauka kafin ya iso bakin kifin. In ya wuce ta samansa, an yi asara. In ya yi nauyi ya kafe a ƙasa, nan ma asara. Daidai bakin ake nema.

Wahala ta biyu ta fi ta farko. Kifi kan tsotsi ƙwaron, ya ji ba nama ba ne, ya tofar kafin ƙiftawar ido, mai sanda bai ji komai a hannunsa ba. Don haka da ido ake kamawa. A ruwa mai haske Sawyer kifin yake kallo: in ya ɗan karkata gefe, ko farin cikin bakinsa ya bayyana ya ɓace, to a ɗaga sanda. In ba a ganin kifin, sai a zuba wa zare ido daidai inda ya shiga ruwa, da ya tsaya ko ya ɗan nutsa, a ɗaga. Akwai kuma wata dabara tasa da nake sha'awa. Idan ƙwaron ya iso gaban kifi bai kula ba, sai a ɗan ɗaga sanda kaɗan, ƙwaron ya taso kamar mai shirin tserewa sama. Kifin da ya yi biris sai ka ga ya zabura ya cafke.

Bayan Ingila, gyara na gaba daga gabashin Turai ya zo. A shekarun 1980 masu fatsa na Polan, waɗanda igiyar wannan sana'a ta yi musu wuyar samu, suka koma tsayawa dab da kifi cikin ruwa mai ƙarfi, suna saka ƙwari masu nauyi kusan ƙarƙashin bakin sanda, igiya ba ta kwanta a ruwa ba balle ruwan sama ya ja ta. Mutanen Cek suka koya daga gare su suka inganta, har ɗan ƙasarsu Slavoj Svoboda ya ci gasar duniya a Beljiyam a 1986. Dokar gasar ta hana maƙala dalma a jikin zare, saboda haka dole nauyi ya shiga cikin ƙwaron kansa. Yau abin da aka fi yi shi ne a zura wa ƙugiya ɗan ƙwallon ƙarfe mai huda, kamar ɗan carbi, ya zauna a kai. Da na tagulla aka fara, sannan aka koma tangistan, ƙarfen nan na siririn zaren cikin ƙwan lantarki irin na da. Tagulla ta ninka ruwa nauyi wajen sau 8 da rabi, dalma sau 11, tangistan kuwa sau 19. Ke nan ɗan mitsitsin ƙwallo ya isa ya kai ƙwaro ƙasa. Mutanen Sifen suka ƙara da nasu mai suna ferdigon, wato harsashin bindigar tsuntsu, wanda ake shafe jikinsa da wani danƙo mai bushewa kamar gilashi don kada komai ya riƙe shi. Yana kama kifi ba shakka, amma ni a ganina ya yi nisa da ƙwaron da ke ƙarƙashin dutse. Na Sawyer ya fi kwanta mini, domin duk abin da ke jikinsa akwai dalilinsa a kogi.

Tun da na ambaci dalma, bari in tsaya a kanta, don wannan ya shafe mu kai tsaye. A Ingila an gano cewa manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, suna haɗiye 'yan ƙwayoyin dalmar da masu fatsa ke zubarwa, suna zaton tsakuwa ce, gubar na kashe su. Daga 1987 aka hana sayar da dalmar fatsa mai nauyin da ya kama daga giram 0.06 zuwa giram 28, tsuntsayen kuma suka farfaɗo. Mu nan ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga yaran da muka rasa a ƙauyukan Zamfara a 2010. Don Allah 'yan uwa masunta, masu narka dalmar tsohon batir don yin nauyin koma ko birgi, kada a yi a cikin gida, kada a yi a tukunyar girki, kada yara su tsaya a kan hayaƙin. Kuma a daina datse dalma da haƙori.

Wannan sana'a ta taɓa nahiyarmu ta hanyoyi biyu. An kai kifin tirawut Kenya a 1905, aka zuba a rafukan tsaunuka masu sanyi, kuma daga nan aikin naɗa ƙwari ya kafu a ƙasar. Yau ɗimbin ƙwarin da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka hannun 'yan Kenya ne ya naɗa su, maza da mata, ɗaya bayan ɗaya, har da irin na Sawyer. Hanya ta biyu ta fi kusa da mu. Kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai wajen iyakar Adamawa, masu wannan fatsa na zuwa can da rani idan ruwa ya ja ya yi haske. Da dare suna neman giwan ruwa da manyan ƙwarin gashi masu kama da ƙananan kifi, da rana suna neman tsage, a wuraren da ruwa ke gudu kan duwatsu kuma suna saka nimf don wasu kifaye masu manyan ɓawo da ke kiwo a ƙasa. Galibinsu sukan danne ƙayar ƙugiya kafin su fara, su cire ta daga bakin kifi da jiƙaƙƙen hannu, su sake shi ya koma. Na san wannan zai ba masuncin da ke ciyar da iyali da komarsa mamaki, kuma da gaskiyarsa, tun da shi abinci ya fito nema, su kuwa nishaɗi.

Wanda ke son gwadawa, kayan ba su fi ƙarfin kowa ba: ƙaramar ƙugiya, wayar koyil daga shagon mai gyaran fanka, da gashin fiffiken zabo ko na fakara a madadin na fezan. Ƙarfasa na cin 'ya'yan ƙwari, musamman ƙananansu. A fara ɗaga dutse a rafin a ga launi da girman abin da ke ƙasa, sannan a naɗa irinsa, a jefa ta inda ruwa ke fitowa, a sa ido a kan zare.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.